Frederick Terman: Malamin injiniyoyi da ya hana ɗalibansa tafiya ci-rani

A ranar 19 ga Disamba, 1982, wani dattijo mai shekara 82 ya rasu a garin Palo Alto da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Mako shida bayan haka, a ranar 1 ga Fabrairu, 1983, aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Babu abin da ya haɗa al'amuran biyu illa kusancin kwanaki. Sai dai tambayar da dattijon nan ya ƙare rayuwarsa yana nema wa amsa ita ce har gobe ke gaban jami'ar Minna da takwarorinta na Owerri da Akure: idan aka yaye injiniya, ina zai dosa? Zai rungumi takardunsa ya bi layin masu neman aiki a wani gari mai nisa, ko kuwa zai tsaya kusa da inda ya yi karatu ya kafa abin da zai ɗauki wasu aiki?

Sunan dattijon Frederick Emmons Terman. Babu wani kamfani mai ɗauke da sunansa, kuma matasan da ke riƙe da wayoyin zamani a yau da wuya a samu wanda ya taɓa jin labarinsa. Amma yankin nan da ake kira Silicon Valley, wato Kwarin Silikon, inda hedikwatocin Apple da Google da Intel da Facebook suke, masana tarihi da dama shi suke kira ubansa. A lokacin da ya fara koyarwa, kwarin gonakin itatuwan marmari ne, kuma babbar sana'ar mutanensa ita ce busar da 'ya'yan itace da cusa su a gwangwani.

An haife shi ranar 7 ga Yuni, 1900, a wani ƙaramin gari mai suna English a jihar Indiana. Mahaifinsa, Lewis Terman, masanin halayyar ɗan Adam ne wanda ya yi suna da gwajin auna kaifin basira. A 1910 uban ya samu aikin koyarwa a Jami'ar Stanford, saboda haka yaron a harabar jami'a ya tashi. Ba a sa shi makaranta ba sai da ya kai shekara tara, amma da ya shiga sai ya riƙa tsallake azuzuwa. Abin da ya fi ɗauke masa hankali tun yana ɗan saurayi shi ne rediyo, wanda a wancan zamani sabon abu ne da yara masu ƙwazo ke harhaɗawa da hannunsu a gida. Abokinsa a wannan wasa shi ne ɗan Herbert Hoover, mutumin da daga baya ya zama shugaban Amurka.

Ya yi digirin farko a fannin kimiyyar sinadarai a Stanford a 1920, ya ƙara da na injiniyan lantarki a 1922, sannan ya tafi gabashin ƙasar, cibiyar fasaha ta MIT da ke kusa da Boston, inda ya kammala digirin digirgir a 1924 a hannun Vannevar Bush. Wannan suna zai sake ɓullowa a labarin. A MIT ne Terman ya ga abin da babu shi a gida: malamai suna shiga masana'antu suna fita, masana'antu suna kawo wa jami'a matsalolinsu, ɗalibi kuma tun bai gama ba ya san inda ake buƙatarsa.

MIT ta ba shi aikin koyarwa, kuma da ya karɓa ya zauna can, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Sai ya zo hutu gida, tarin fuka ya kama shi. A wancan lokaci cutar ba ta da magani sai kwanciya da haƙuri. Ya shafe kusan shekara guda a gado, ana ɗora masa jakunkunan yashi a ƙirji domin kada huhun ya yi motsi da yawa. A kwancen ya duƙufa karanta duk abin da ya samu game da rediyo. Da ya ɗan farfaɗo, sanyin Boston ya fi ƙarfinsa, sai ya karɓi aikin koyarwa na rabin lokaci a Stanford a 1925.

Ɗakin gwaje-gwajen da aka ba shi a can saman wani tsohon gini yake, rufinsa na yoyo. Babu kuɗin gyara, sai aka ƙera manyan farantan katako aka shafe su da kwalta suna tare ruwa. A irin wannan wuri ya rubuta littafinsa mai suna Radio Engineering, wanda ya fito a 1932 ya zama abin dogaron masu koyon aikin rediyo a ƙasashe da dama. Kuɗin da littafin ya riƙa kawo masa ya taimaka wa aikin ɗakin gwajin. A 1937 aka naɗa shi shugaban sashen injiniyancin lantarki.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a waɗannan shekaru shi ne makomar ɗalibansa. Zai sha wahala ya horar da yaro mai basira, ranar da yaron ya karɓi takardarsa sai ya hau jirgin ƙasa ya yi gabas, tafiyar kusan kilomita dubu biyar, domin a can manyan kamfanoni irin su General Electric da RCA da Bell suke. Ko kamfanin Federal Telegraph, wanda wani tsohon ɗalibin Stanford ya kafa a Palo Alto a 1909, kuma shi ne tinƙahon garin, sai da ya tattara ya koma New Jersey a farkon shekarun 1930. Duk wanda ya ga yadda masu digirin injiniya daga Minna ko Zariya ko Kano ke kwarara Legas da Fatakwal da Abuja, wasu kuma su tsallaka teku, ya san irin wannan ciwo. Jami'a ta yi noma, wani gari ya yi girbi.

Hanyar da Terman ya bi domin magance wannan ba ta da wani ƙawa. Yakan kwashi 'yan ajinsa ya kai su ƙananan wuraren ƙere-ƙere da suka saura a yankin: wurin Charles Litton, wanda ya ƙi bin Federal Telegraph gabas ya buɗe nasa a 1932 yana ƙera injinan sarrafa gilashin bawul ɗin rediyo; wurin Eitel da McCullough, masu ƙera bawul; da ɗakin gwajin Philo Farnsworth a San Francisco, inda ake fafutukar ƙirƙiro talabijin. Sai ya nuna wa ɗaliban cewa da yawa daga masu waɗannan wurare ba su yi zurfin karatu kamar su ba, amma ga shi suna ƙera kaya suna sayarwa suna biyan ma'aikata. In haka ne, me zai hana wanda ya san lissafin abin tun daga tushe? Gani ya kori ji. Bai buɗe wani darasi na daban mai suna kasuwanci ba. A cikin darasin rediyo ɗin nan ɗalibi ke jin nawa ake kashewa a ƙera abu, wa ke sayensa, kuma me ya sa na wane ya fi na wane karɓuwa.

A nan mai wannan rubutu zai ɗan ratse, domin aikinsa fassara ne, kuma kalmar Turancin da ake kiran wannan fanni da ita ta daɗe tana ba masu fassara wahala. Mun saba juya ta da koyar da sana'o'in dogaro da kai. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ta rage wa abin tsawo, kuma da alama yadda muka fassara haka muke aikatawa. Wani ɗan 'yar'uwata da ya karanta injiniyancin lantarki a wata jami'a da ke wata jiha ya shaida mini cewa a darasin dogaro da kai da aka wajabta musu, sabulun ruwa aka koya musu haɗawa, aka yi jarrabawa, kowa ya ci. Haɗa sabulu sana'a ce mai albarka, ba a raina ta. Amma yaron da aka shekara biyar ana koya wa yadda wuta ke tafiya a waya, a ƙasar da kowane shago ke neman mai daidaita masa wutar sola, bai kamata a ce iliminsa na gefe guda, sana'arsa na wani gefen ba. Abin da Terman ya koyar shi ne mutum ya mai da ainihin ilimin da ya karanta ya zama haja.

Misalin da ya fi shahara shi ne na William Hewlett da David Packard, waɗanda suka kammala digirin farko a 1934. Terman ya lura da su tun suna aji, ya kuma san suna da burin yin wani abu tare. Amma lokacin na matsin tattalin arziki ne, saboda haka shi da kansa ya shawarci Packard ya karɓi aikin da General Electric ya ba shi a jihar New York, ya je ya ga yadda ake tafiyar da masana'anta. Hewlett kuma ya je MIT ya ƙaro ilimi ya dawo. Malamin bai saki igiyar ko ɗaya daga cikinsu ba. A 1938 ya samo wa Packard ɗan tallafin karatu da zai dawo da shi Palo Alto, ya kuma haɗa shi da Litton domin ya riƙa aiki a wurinsa yana koyon sarrafa injina.

Hajar farko daga aji ta fito. Terman ya koyar da wata sabuwar dabara da injiniyan kamfanin Bell, Harold Black, ya gano, ta mayar da wani ɓangare na abin da na'ura ta fitar zuwa cikinta domin ta riƙa gyara kanta. Hewlett ya ɗauki dabarar ya ƙera na'urar da ke fitar da sauti mai tsayayyen amo, irin wadda injiniyoyi ke buƙata domin gwada kayan rediyo da na ɗaukar murya. Hikimar da ya yi ita ce sanya ƙaramin ƙwan lantarki a cikin da'irar: idan wuta ta yi yawa ƙwan ya yi zafi ya rage ta, idan ta ragu ya huce ya sake ta. Da wannan abu mai arha ya samu daidaiton da sauran kamfanoni ke kashe kuɗi mai yawa kafin su samu. Terman ya duba ya ce musu wannan abin sayarwa ne, ya kuma rubuta musu sunayen mutanen da ya sani a masana'antu waɗanda za su iya saye.

Suka kama hayar gida mai lamba 367 a titin Addison. Packard da amaryarsa Lucile suna cikin gidan, Hewlett yana kwana a wata 'yar rumfa a baya, garejin mota ɗaya kuma ya zama masana'anta. Jarinsu dala 538 ne, har da kuɗin wani tsohon injin huda ƙarfe. Fentin akwatunan na'urar a tanderun girkin Lucile ake gasa shi. Ranar 1 ga Janairu, 1939, suka ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa, suka jefa kwabo sama domin a san sunan wa zai zo farko, aka samu Hewlett-Packard. Sun sa wa na'urar farashin dala 54 da santi 40, alhali makamantanta sun haura dala 200. Kamfanin fina-finai na Walt Disney ya sayi guda takwas na samfurin da aka inganta, kowace a kan dala 71 da santi 50, domin aikin sautin fim ɗinsa mai suna Fantasia. Cinikinsu na shekarar farko dala 5,369 ne. An ruwaito cewa Terman kan gane halin da suke ciki tun daga bakin titi: in ya ga mota a cikin gareji, babu oda; in ya gan ta a waje, to ana aiki.

A daidai wannan lokaci wani abu makamancin haka na faruwa a sashen kimiyyar fiziya. Wasu 'yan'uwa biyu, Russell da Sigurd Varian, sun zo da tunanin wani bawul mai iya samar da igiyoyin rediyo gajeru masu ƙarfi. Jami'ar ba ta ba su albashi ba. Ta ba su ɗaki, da damar aiki tare da Farfesa William Hansen, da dala 100 ta sayen kayan aiki, bisa sharaɗin za a raba ribar haƙƙin mallaka biyu. A 1937 suka ƙera bawul ɗin da aka sa wa suna klystron, wanda ya zama jigo a na'urar hango jiragen sama daga nesa, wato rada. Dala ɗarin nan ta jawo wa Stanford kimanin dala miliyan biyu a tsawon shekaru. Da 'yan'uwan suka kafa kamfaninsu a 1948, Terman na cikin daraktocinsa, kamar yadda ya daɗe a cikin na Hewlett-Packard.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a gareji, domin ya fi daɗin ji. Amma rabin labarin ke nan, kuma ɗaya rabin shi ne ya fi shafar mai son koyi.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Vannevar Bush, tsohon malamin Terman, shi ne ke jagorantar duk binciken kimiyya na yaƙi. A 1942 aka kira Terman ya shugabanci wani ɗakin bincike na sirri a Jami'ar Harvard, mai ma'aikata sama da 800. Aikinsu makantar da radar abokan gaba: na'urori masu cika ta da hayaniya, da siraran yankan alminiyom da jirage ke watsawa a sama domin ta kasa bambance jirgi da tarkace. A can ya ga yadda kuɗin gwamnati ke gina jami'a. MIT kaɗai ta samu kwangilolin bincike na sama da dala miliyan 100 a lokacin yaƙin, Stanford kuwa abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Ya kuma yi dace maƙwabcinsa ma'ajin Harvard ne, ya riƙa tatsar sa yadda ake sarrafa dukiyar jami'a.

Ya koma Stanford a 1946 a matsayin shugaban tsangayar injiniya, tare da wasu daga cikin haziƙan da ya yi aiki da su, kuma da niyyar ba za a sake raba irin wannan kuɗi babu jami'arsa ba. Ya fara da kwangilolin ofishin bincike na sojojin ruwa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, kuɗin ya ninka, har aka buɗe ɗakin bincike na sirri a cikin harabar jami'ar. Tsarinsa a bayyane yake: jami'a ta yi bincike ta ƙera samfuri, amma ba za ta zama masana'anta ba, in soja na son dubu daga cikin abin, to ɗalibi ko malami ya fita ya kafa kamfani ya ƙera. Haka Farfesa Dean Watkins ya kafa Watkins-Johnson a 1957. Ma'ana, waɗannan matasa ba su fita kasuwa suna lalube ba. Tun kafin su sayi injin farko akwai mai saye a tsaye, mai aljihu mai zurfi, wanda ya fi damuwa da inganci a kan farashi.

Sai batun ƙasa. Wanda ya kafa jami'ar, Leland Stanford, ya bar mata fili mai faɗin eka sama da 8,000 bisa sharaɗin ba za a sayar ba har abada. Jami'ar na da ƙasa, ba ta da kuɗi. Wasiyyar ba ta hana haya ba, saboda haka a 1951 aka ware wani yanki domin masana'antu. Terman ya dage cewa masu aikin fasaha ya kamata a bai wa, waɗanda za su amfani jami'a su kuma amfana da ita. Kamfanin Varian ne ya fara karɓar haya, ya tare a 1953, sannan Eastman Kodak da General Electric da Lockheed da Hewlett-Packard suka biyo baya. A 1954 ya ɓullo da shirin da ya bai wa injiniyoyin kamfanonin damar yin digiri na biyu suna kan aikinsu, kamfani na biyan ninkin kuɗin makaranta. Ƙananan kamfanoni suka samu abin jan hankalin ma'aikata, jami'a ta samu kuɗin ɗaukar ƙarin malamai, ajin kuma ya cika da mutanen da suka baro matsala a kan teburin aiki da safe.

Akwai wani ƙaramin abu da ya yi wanda ya nuna irin tunaninsa fiye da manyan. A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro tiransista, ya buɗe kamfani a Mountain View, kusa da jami'ar, kuma Terman na cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwar zuwa. Terman ya gane cewa zamanin bawul, wanda a kansa ya gina sunansa da littattafansa, ya kusa wucewa. Maimakon ya kare abin da ya iya, sai aka tura wani matashin malami, James Gibbons, ya riƙa yin rabin lokacinsa a kamfanin Shockley domin ya koyo sarrafa silikon ya dawo ya koyar. Jami'a ce ta je ɗaukar karatu a masana'anta. Shockley ya kasa zama da mutane, takwas daga cikin ma'aikatansa suka fice a 1957 suka kafa Fairchild Semiconductor, biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka kafa Intel a 1968. A 1971 wani ɗan jarida, Don Hoefler, ya yayata sunan Silicon Valley.

Daga 1955 zuwa 1965 Terman ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban jami'a mai kula da harkokin ilimi. Aƙidarsa ita ce jami'a mai ƙaramin ƙarfi kada ta watsa shi ko'ina. Ta zaɓi fannoni ƙalilan ta gina su su yi tsawo kamar hasumiya, a hango su daga nesa. Da wannan ya ɗaga Stanford zuwa sahun gaba, kuma da wannan ya tara maƙiya. Mutum ne mai ƙididdiga, ba mai fara'a ba, wanda ba shi da wata hira sai ta aiki. Yakan lissafa ɗalibai nawa kowane malami ya koyar da kuɗin bincike nawa ya jawo, sassan da ba sa kawo kwangila kuwa, irin na harsunan da da wasu rassan nazarin halittu, suka ji a jikinsu. Wanda ya karanci harsuna, kamar mai wannan rubutu, ba zai karanta wannan babi na rayuwarsa da murmushi ba. Akwai ilimin da ba ya kawo kwangila amma al'umma ba ta rayuwa ba tare da shi ba, kuma ma'aunin Terman bai iya auna shi ba.

Dogaro da kuɗin soja ma ya zo da nasa farashin. A watan Afrilu na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ɗalibai suka mamaye ɗakin binciken sirrin nan na kwanaki, suna ƙin a riƙa ƙera kayan yaƙi a makarantarsu. Jami'ar ta kawo ƙarshen binciken sirri a harabarta. Lokacin Terman ya riga ya yi ritaya da shekara huɗu.

Shekarunsa na ritaya su ne suka fi dacewa da mai karatu a Nijeriya ya yi wa duban tsanaki, domin a cikinsu ne aka gwada ko abin da ya gina na ɗaukuwa zuwa wani wuri. Manyan kamfanonin New Jersey, ciki har da Bell, sun gayyace shi ya tsara musu sabuwar cibiyar ilimi irin Stanford. Shirin ya mutu a takarda, domin kowane kamfani ƙato ne mai ɗakin bincikensa, babu mai son zuba kuɗi a tukunyar da abokin hamayya zai ci. A Dallas ta jihar Texas ya yi aiki da wata jami'a, sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba. Shi da ya san sirrin abin da kansa, a cikin ƙasarsa, sau biyu bai iya maimaita shi ba.

Inda ya yi nasara shi ne wurin da ba a zata ba. A 1970 hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tura shi Koriya ta Kudu a kan gaban wata tawaga domin duba yiwuwar kafa babbar makarantar kimiyya da injiniya. Koriya a lokacin ƙasa ce matalauciya, kuma 'ya'yanta da suka je karatu Amurka ba sa dawowa. Rahoton tawagar ya zama tubalin cibiyar da aka kafa a 1971, wadda a yau ake kira KAIST. An tsara ta ne domin ta horar da injiniyoyin da masana'antun Koriya ke buƙata, gwamnati ta ɗauke wa ɗalibanta kuɗin makaranta ta kuma sassauta musu aikin soja na dole. Bambancin Koriya da New Jersey shi ne a Koriya gwamnati da kamfanoni sun riga sun ƙudura za su ƙera kaya su sayar wa duniya, suna jiran mutanen da za su yi aikin. Makarantar ta zo ta tarar da masu jiran ta.

Idan aka dawo Minna da wannan ma'auni, wasu abubuwan akwai su. Harabar Gidan Kwano da ke kan hanyar Bida tana kan fili mai faɗin hekta sama da dubu goma, wanda ya ninka na Stanford kusan sau uku. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru. Irin su Litton ma ba a rasa ba: masu walda da masu naɗin kwayil da masu gyaran janareto da injin niƙa a Bosso da Tunga da Kpakungu, ko maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna, waɗanda ke ƙera injin casar shinkafa da na matsar gyaɗa ba tare da sun taɓa zama a ajin lissafi ba. Malami ba ya buƙatar izinin kowa ko kasafin kuɗi kafin ya kwashi ɗalibansa ya kai su can, ko ya rubuta wa ɗalibi sunayen mutum ashirin da za su iya sayen abin da ya ƙera a aikinsa na shekarar ƙarshe, maimakon abin ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Abin da malami ba zai iya samarwa shi kaɗai ba shi ne babban mai saye na farko. A Kalifoniya soja ne, a Koriya masana'antun da gwamnati ta tsaya wa. A Nijeriya an sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 a 2018, wanda ya buƙaci ma'aikatu da hukumomin gwamnati su fifita injiniyoyi da kamfanonin cikin gida a kwangilolin kimiyya da fasaha. Ko wannan umarni zai zama wa ɗalibin Gidan Kwano abin da ofishin sojojin ruwa ya zama wa ɗalibin Terman, ya danganta ne ga ko jami'in sayen kaya zai yarda ya sa hannu a kan na'urar da aka ƙera a Minna alhali ga ta waje a cikin kwali mai sheƙi.

Terman ya samu lambobin girma da dama, ciki har da lambar kimiyya ta ƙasa ta shekarar 1975, wadda ita ce shekarar da matarsa Sibyl, uwar 'ya'yansa uku, ta rasu. A 1977 aka buɗe wani katafaren ginin tsangayar injiniya mai ɗauke da sunansa a Stanford, wanda Hewlett da Packard suka bayar da kaso mai tsoka na kuɗin gina shi. An rushe ginin a 2011, aka mai da wurin dandalin shaƙatawa. Garejin titin Addison kuwa jihar Kalifoniya ta sanya shi cikin wuraren tarihi a 1987, kamfanin Hewlett-Packard ya sayi gidan a 2000 ya gyara shi kamar yadda yake a 1939. Ba a buɗe shi ga jama'a, masu ziyara daga bakin titi suke leƙensa.